GeoGuessr: ta yaya ake rarrabe ƙasashen Afirka idan babu allon da ya faɗi sunan gari?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka goge a GeoGuessr ce, wasan da ake nuna maka hoton wani wuri ka dasa tsinke a taswira inda kake zaton wurin yake, musamman a taswirar Afirka. Idan aka jefa ni cikin gari mai alluna da shaguna, ina iya lalubo ƙasar. Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar karkara: jar ƙasa, ciyawa, kwalta ɗaya miƙe, babu rubutu ko na magani. A nan Gana da Najeriya suke rikice mini, haka Kenya da Yuganda, haka Afirka ta Kudu da maƙwabtanta. Galibi ina buga wanda ba a tafiya, sai juya kyamara da zuƙo hoto kawai, minti ɗaya kowane zagaye. Me ya kamata in fara dubawa, me zai biyo baya? In kuma na gane ƙasar, ta yaya zan san arewacinta nake ko kudanci? Allah ya saka da alheri.

Malam Kamfas:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko da zai rage maka aiki rabi shi ne ka san cewa ba duk Afirka ce motar Google ta shiga ba. Wasan da hotunan Street View yake aiki, wato hotunan tituna da motar Google ke ɗauka, kuma ƙasashen da motar ta bi hanyoyinsu sosai ba su da yawa: Afirka ta Kudu, Lesoto, Eswatini, Botswana, Namibiya, Kenya, Yuganda, Ruwanda, Najeriya, Gana, Sanagal da Tunisiya. Masar da Mali da Madagaska akwai su, amma 'yan wurare ne da aka ɗauka da ƙafa ko da kwale-kwale, kamar dalar Giza da masallatan Timbuktu. Nijar, Cadi, Kamaru, Sudan, Habasha, Maroko da Aljeriya motar ba ta bi su ba. Don haka ko wuri ya yi maka kama da hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kada ka dasa tsinkenka a Nijar. Arewacin Najeriya ne ko Sanagal.

Da ka sauka, kafin ka kalli bishiya ko ƙasa, nemi hannun da ake tuƙi. Wannan kaɗai ya raba jerin nan gida biyu. Masu bin hannun hagu su ne ƙasashen kudu biyar ɗin nan da Kenya da Yuganda. Masu bin hannun dama su ne Najeriya, Gana, Sanagal, Tunisiya da Ruwanda. Mutane da yawa na ɗauka cewa duk inda Ingila ta yi mulki hagu ake bi, shi ya sa suke faɗuwa. Najeriya ta koma dama tun 1972, Gana ta biyo baya a 1974. Idan babu wata mota a hanya, duba allunan gefe: wanda fuskarsa ke kallonka yana gefen da ake tuƙi ne, na ɗaya gefen bayansa za ka gani. Motar da aka ajiye ma tana taimakawa, ka zuƙo ka ga gefen da sitiyari yake. Amma kada ka dogara da mashin ko keken hawa, su ko'ina bi suke yi.

Sai ka sunkuyar da kyamara ƙasa ka kalli motar da ta ɗauki hoton. Daƙiƙa biyu ne, kuma a Afirka yakan gama magana.

A Gana za ka ga ƙarafan kariya a saman motar, an naɗe ƙarshen ƙarfen gaba na dama da baƙin tef. Wannan tef ɗin ya fi kowace alama ƙarfi a Afirka ta Yamma. A Kenya akwai baƙin bututun shaƙar iska da ya taso a gaban motar ta dama, irin na motocin da ke ratsa ruwa. A Yuganda farar mota ce, kana ganin gefunanta da madubanta na gefe. A Najeriya juya ka dubi baya: galibi motar 'yan sanda na biye, a-kori-kura mai fitilar jiniya a kai. Tunisiya ma akwai 'yar rakiya, amma koriya ce mai duhu, ba ta da jiniya. Tsofaffin hotunan Sanagal suna da kariya ba tef, kuma idan ka ɗaga kai sama wani lokaci za ka ga kamar an yage sararin samaniya an sake ɗinke shi a karkace. Sababbin nata kuwa a-kori-kura ce fara ko ruwan toka ake gani.

Na uku, fentin kwalta. Layin gefe ruwan ɗorawa, na tsakiya fari, ga tuƙin hagu: kana kudancin nahiyar. Kenya akasin haka take, ruwan ɗorawa a tsakiya, fari a gefe. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya hana ka kai hanyar Kenya Botswana, kuma kuskure ne mai tsada, don tazarar ta haura kilomita 2,000.

Lambar mota an dusar da ita, amma launi na fitowa. Baƙa ƙirin, Tunisiya. Shuɗiya gaba ɗaya, tsohuwar lambar Sanagal. Fara mai ɗan kore-kore a tsakiya, Najeriya, saboda taswirar ƙasar da ke jiki. Fara a gaba, ruwan ɗorawa a baya: Kenya, Yuganda, Ruwanda ko Botswana. Ruwan ɗorawa gaba da baya a ƙasar tuƙin hagu mai yashi da tsakuwa, ka tuna da Namibiya. A Gana fara ta motar gida ce, ruwan ɗorawa ta haya.

Game da Kenya da Yuganda da ka ambata, akwai sauƙi: kusan duk hotunan Yuganda a Kamfala da Entebbe da kewayensu suke, sai wasu gandun namun daji. In ka ga doguwar kwalta a fili mai ƙayoyi, ba gidaje, zaɓi Kenya.

Malama 'Yar Zango:

Malam Kamfas ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Sai dai ina da ja a kan dogaro da motar Google. Kamfanin yana sake ɗaukar hotuna, yana sauya mota, kuma akwai taswirorin da aka zaɓo wuraren da ba a ganin motar da gangan. Wanda ya haddace tef da bututu kawai, ranar da aka sauya su ya koma sifili. Abin da ƙasa ta mallaka da kanta shi ne ba ya sauyawa da wuri: harshe, lambar waya, fentin shaguna, falwaya.

Ƙanena, ka ce babu rubutu, amma da wuya a ce babu ko kaɗan. Zuƙo jikin babbar mota, bangon makaranta, kwantenar mai sayar da kati, allon coci ko na masallaci. Lambar waya guda ta ishe ka. Ta Najeriya lamba 11 ce, tana farawa da 080, 081, 070 ko 090. Ta Gana lamba 10, da 024, 054, 020 ko 027. Ko ba ka iya karanta su ba saboda nisa, tsawon kaɗai na raba su. Sanagal lamba 9 ce babu sifili a gaba, 77, 78, 76 ko 70, ana rubuta ta rukuni-rukuni. Tunisiya lamba 8. Kenya da Yuganda da Ruwanda galibi da 07 suke farawa, don haka a can lamba ba za ta raba maka ba sai in an sa na ƙasa: 254 Kenya, 256 Yuganda, 250 Ruwanda.

Abin da ke raba su a can shi ne fenti. A Kenya shagunan bakin hanya kore shar ne na kamfanin waya Safaricom da tsarinsa na tura kuɗi M-Pesa, har cikin ƙananan ƙauyuka. MTN ba ya aiki a Kenya. Saboda haka ginin da aka shafe da ruwan ɗorawan MTN a ƙasar tuƙin hagu mai jar ƙasa da ayaba, Yuganda ce. In tuƙin dama ne ga tuddai an yi musu kunya-kunya har sama, kwalta tsaf da magudanar ruwa ta dutse, 'yan acaɓa kowa da hular kwano har fasinja, Ruwanda ce. A Kigali titunan lamba gare su, KN, KG ko KK, wato Nyarugenge, Gasabo da Kicukiro, kuma suna kan taswira, za ka iya bi har ka samu titin. Koren Glo galibi na nuna Najeriya, Wave Sanagal, Mascom Botswana.

Harshe kuwa ba sai ka iya shi ba, siffarsa za ka riƙe. Swahili, wanda ya fi yawa a Kenya, yana da sauƙin ganewa: duka, hoteli, shule, karibu. Luganda na Yuganda yana ninka baƙi har a farkon kalma, kamar ss da kk da dd. Faransanci da tuƙin dama a ƙasa mai yashi Sanagal ce, ga sunayen ƙauyuka masu farawa da Keur, Nd ko Mb, ga kalmar Touba a jikin motoci da shaguna. Faransanci tare da Larabci a allo ɗaya, Tunisiya.

Yanzu Gana da Najeriya, tunda nan ne ciwonka. Duka biyun Ingilishi, duka tuƙin dama, duka MTN. Harafin ɛ da ɔ a allo, ko sunan Nyame a shago, Gana ce, yankin masu Twi. Haruffa masu ɗigo a ƙasa, ẹ, ọ, ṣ, da Oluwa, ƙasar Yarabawa. Chukwu, Chi, da garuruwa masu farawa da Umu, ƙasar Ibo. Haruffan ɖ, ƒ da ʋ na Ewe ne, gabashin Gana, yankin Volta. A Tamale da kewaye za ka ga ŋ da ɣ na Dagbani. Tasin Gana an yi wa kusurwoyinta huɗu fenti ruwan ɗorawa, jikin kuma kowane launi. Falwayar Gana galibi ta katako ce. Ta Najeriya galibi ta kankare ce mai faɗi, da ramuka a jiki kamar tsani amma ba su huda ba. Ta Sanagal ma mai kama da tsani ce, irin ta Faransa, don haka haɗa ta da harshe kafin ka yanke.

Wani tarko da ke kama masu jin Hausa musamman: ganin kalmar Hausa, ko mutum da kaftani da hula, ko masallaci, sai a ruga Kano. A Akra akwai Nima da Sabon Zango, a Kumasi akwai zanguna, kuma allon mai koko ko mai waakye (shinkafa da wake) ba sabon abu ba ne a can. Duba kuɗin da aka rubuta farashi da shi, sidi ne ko naira. Duba kuma jikin gidaje: a Gana ana manna ƙaramin allon adireshin GPS mai farawa da haruffa biyu. GA Akra ce, AK Kumasi, NT Tamale. Harafin farko na yanki ne, na biyu na gunduma.

Irin wannan gatan akwai shi a Kenya. Allon kowace makaranta yana ɗauke da akwatin gidan waya da sunan gari mafi kusa, wani lokaci da lambar shiyya: 00100 Nairobi, 80100 Mombasa, 40100 Kisumu, 20100 Nakuru, 30100 Eldoret. Lamba ta farko kaɗai ta nuna maka ɓangaren ƙasar.

Bagobiri:

Zan ɗauki ɓangare na biyu na tambayar, wato arewa ko kudu, don a nan ne maki ke zubewa bayan an gane ƙasa. Daga Legas zuwa Kano a miƙe ya haura kilomita 800. Sanin cewa Najeriya ce bai wadatar ba.

Ka daina kallon jar ƙasa. Akwai ta a Inugu, akwai ta a Kumasi, a Kamfala, a tsakiyar Kenya, har a Limpopo ta Afirka ta Kudu. Ba ta raba komai. Bishiya ce ke rabawa, kuma a nan wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya fi 'yan wasan Turai da Amurka gata, don su hotuna suke haddacewa, kai kuwa sunayen bishiyoyin ka sani tun kana yaro.

A Afirka ta Yamma ruwan sama yana raguwa ne daga teku zuwa arewa, bishiyoyi kuma a jere suke kamar matakala. Bakin teku kwakwa. Daga nan kurmi: kwakwar manja, ayaba, rogo, koko a ƙarƙashin inuwa. In ka ga gonar koko, a Najeriya ka nufi Ondo da Osun, a Gana ka nufi Ashanti da yammaci. Sai tsakiya, inda ciyawa ke da tsawo, ga kunyoyin doya manya-manya kamar tulu a kife, ga mangwaro da kashu: Binuwai, Nasarawa, Kogi, Kwara, ko kuma Techiman da Kintampo a Gana. Gaba kaɗan ƙaɗanya da ɗorawa a warwatse cikin gonaki, an bar su da gangan ba a sare ba: Neja, Kaduna, kudancin Kebbi, ko Tamale zuwa Wa. Can sama kuma kuka, gawo, aduwa, goruba, tumfafiya a bakin hanya, darbejiya a cikin gari: Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato.

Gawo yana da amfani biyu. Bishiya ce mai zubar da ganye da damina, ta yi kore da rani. In ka ga ƙasa ta bushe ƙamas amma wata babbar bishiya mai ƙaya ta yi lif a tsakiyar gona, ko gero ya yi kore amma bishiyar tsirara, gawo ne, kuma kana yankin gero da gyaɗa. Matsalar ita ce wannan hoton na iya zama Jigawa, yana iya zama Kaolack ko Diourbel a Sanagal. Abin da zai raba: a Sanagal yashin ya fi fari, kuka ta fi yawa har takan yi daji guda, kuma amalanken doki ko na jaki ne ke zirga-zirga a gefen kwalta. A arewacin Najeriya shanu ne ke jan amalanke, mashin kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙaɗanya kusan babu ita a tsakiyar Sanagal, sai can kudu maso gabas wajen Kedugu. Duwatsun kilomita masu jan kai da turakun gefen hanya farare masu jan zobe, irin na Faransa, su ma na Sanagal ne.

Gini ma na magana. Katangar ƙasa mai zanko da indararo, da rumbun laka mai hular ciyawa, ƙasar Hausa ce. A ƙasar Dagomba ɗakuna zagayayyu ne masu jinka, an haɗe su da gajeriyar katanga sun yi da'ira. Shingen ƙerana da duwatsu jibge kan juna da sararin sama mai haske, Filato, kusa da Jos. Manyan duwatsu masu santsi da suka tashi su kaɗai a fili, kewayen Abuja da Suleja, inda dutsen Zuma yake. Rufin kwano mai tsatsa ja iya ganinka, Ibadan da garuruwan Yarabawa.

In an yi sa'a akwai rubutu a Najeriya, allunan ayyukan gwamnati da na makarantun firamare suna faɗin jiha da ƙaramar hukuma. Sunan kamfanin wuta a jikin taransifoma ko ofis ma na yanke yanki: KEDCO na Kano, Katsina da Jigawa ne, JED na Filato, Bauchi, Gwambe da Binuwai, AEDC na Abuja, Neja, Kogi da Nasarawa, EEDC na jihohin Ibo biyar. Danfo ruwan ɗorawa mai baƙaƙen layi biyu Legas ce, koriyar tasi mai farin layi Abuja.

Batun rana: za ka ji ana cewa in rana tana kudu kana arewacin duniya, in tana arewa kana kudanci. Gaskiya ne a Tunisiya, kuma gaskiya ne a yawancin Afirka ta Kudu da Lesoto da Eswatini idan rana ta take tsaka. Tsakanin nan kuwa ƙa'idar na yaudara. Kano tana kan digiri 12 arewa da Ikwaita, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana ta arewacinta take bi da tsakar rana. Kenya da Yuganda kuwa layin ya ratsa su, a Nanyuki ma akwai allonsa a bakin hanya. Wanda ya ga rana a arewa a hoton damina na Kaduna ya ce kudancin Afirka ne, ya yi asarar zagayen gaba ɗaya.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Malam Kamfas, Malama, da Yaya Bagobiri. Maganar gawo da amalanke ta warware mini abu babba. Saura biyu. Ƙasashen kudu duk layinsu ɗaya ne, motar ma farar inuwa ce kawai nake gani a yawancinsu, to me ke raba su? Sannan idan lokaci ya kusa ƙarewa ina tsakanin ƙasa biyu, in zaɓi ɗaya ne ko in dasa a tsakiya?

Malam Kamfas:

A kudu yanayin ƙasa ne alƙali.

Lesoto tsauni ce zalla, mafi ƙasƙancin wuri a cikinta ya kai kusan mita 1,400 sama da teku. Duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, gajeriyar ciyawa, bishiya ƙalilan, kwazazzabai da zaizayar ƙasa ta haƙa a cikin gonaki, makiyaya lulluɓe da bargo da takalmin roba, ɗakunan dutse zagayayyu. Babban abin lura shi ne rashin shingen waya a gefen hanya. Tsallaken iyaka, a lardin Free State na Afirka ta Kudu, duwatsun iri ɗaya ne sak, amma gonakin a killace suke da waya mai tsawon kilomitoci. Ƙauyukan Lesoto da yawa da Ha suke farawa. In babu tabbas, dasa a yammaci tsakanin Maseru da Leribe ko Mafeteng, don can jama'a da hanyoyi suka fi yawa.

Eswatini ma tuddai ce amma kore, ciyawa doguwa har tana rufe gefen kwalta. Yammacinta dazuzzukan katako ne da aka shuka a layi, gabashinta fili ne mai zafi da gonakin rake. Ƙasar ƙarama ce, ko'ina ka dasa a tsakiya kusa da Manzini ba ka yi nisa ba. Wadda take rikicewa da ita ita ce Mpumalanga da arewacin KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, kuma ko ka kuskure tazarar kaɗan ce.

Botswana shimfiɗe take kamar faifai: yashi, gajerun ƙayoyi, jakuna da shanu a bakin hanya, sararin sama ba iyaka. Ƙafafun allunan hanya sau da yawa an yi musu zobe baƙi da ruwan ɗorawa. Hanyoyinta da A suke farawa. A1 ce ta haɗa Gaborone da Francistown a gabas, inda 'yan tuddai da yawancin garuruwa suke. A2 ta ratsa Kalahari zuwa Namibiya, A3 ta bi ta Nata zuwa Maun. Yashi ja-ja kudu maso yamma ne, fari-fari da dogayen bishiyoyi arewa ne. Rubutun Setswana cike yake da kg, tlh da tsh, amma ka sani ana yin sa a lardin Arewa maso Yamma na Afirka ta Kudu ma.

Afirka ta Kudu ita ce babba, daga Cape Town zuwa Johannesburg kusan kilomita 1,260 ne, don haka ita ta cancanci karatu. Allunanta kore ne, lambar hanya da ruwan ɗorawa, N ga manyan hanyoyi, R ga na larduna. An fara fito da hotunanta tun 2010 gab da gasar cin kofin duniya, shi ya sa za ka riƙa cin karo da tsofaffin hotuna masu hazo-hazo da babban da'irar dusashe a ƙasa. In ka ga irin wannan hoton da layin gefe ruwan ɗorawa, ita ce, ba maƙwabtanta ba. Gonakin inabi da duwatsu masu tsini, Western Cape. Fili busasshe mai 'yan gajerun tsirrai da injin iska mai jawo ruwa, Karoo. Masara da furen rana iya gani, Free State da Arewa maso Yamma. Rake a kan tuddai kusa da teku, KwaZulu-Natal. Zagayayyun ɗakuna masu fenti shuɗi-kore a warwatse kan tuddai marasa bishiya, Eastern Cape, ƙasar Xhosa. Kuka da ƙayoyi, arewacin Limpopo. Lambar wayar shago kuma tana taimakawa: 011 Johannesburg, 012 Pretoria, 021 Cape Town, 031 Durban, 041 Gqeberha, 051 Bloemfontein. Lamba ta biyu ita ce yankin.

Batun dasa tsinke lissafi ne. Zagaye ɗaya maki 5,000 ne, kuma ba a miƙe suke raguwa ba. A taswirar duniya, kuskuren kilomita 100 na ba ka wajen 4,680, na 500 wajen 3,580, na 1,000 wajen 2,560, na 2,000 wajen 1,300. A taswirar Afirka kaɗai raguwar ta fi haka sauri, don da girman taswirar ake aunawa. Abin da wannan ke nufi: idan wuraren biyu na kusa, dasa a tsakiya ba ya cutarwa. Legas da Akra kusan kilomita 400 ne, Nairobi da Kamfala kusan 500, Gaborone da Johannesburg bai kai 300 ba. Amma tsakanin Dakar da Kano, tsakiya na nufin ka yi nisa da kowanne da fiye da kilomita 1,300, ka tabbatar wa kanka da ƙaramin maki. A nan zaɓi wanda ya fi rinjaye a ranka. A karawar mutum biyu, inda ake cire wa wanda ya fi nisa jini, wato makin rayuwarsa a wasan, kuma ana ninka hukuncin a zagayen ƙarshe-ƙarshe, dasa a tsakiya yakan fi amfani in jininka ya yi ƙasa, don abin da kake nema shi ne kada a gama da kai a bugu ɗaya.

Minti ɗayan nan ka raba shi haka: daƙiƙa 10 na farko juyi ɗaya cikakke da kallon ƙasa, 25 zuƙo duk abin da ke da rubutu ko launi, sauran na taswira. Dasa tsinke da wuri a inda ka fi zato, sannan ka gyara. In kana da saura, daidaita kamfas ka ga inda hanyar ta dosa, ka nemi hanya mai wannan kusurwar a taswira. A Botswana da Namibiya da Sanagal, inda manyan hanyoyi ba su da yawa, wannan kaɗai kan kai ka kan ainihin hanyar.

Malama 'Yar Zango:

Ƙari kaɗan a kan Tunisiya, tunda ba a tsaya a kanta ba. Yawancin hotunanta a gabar gabas suke, daga Bizerte zuwa Tunis, Sousse, Sfax, Gabes har tsibirin Jerba, don haka kada ka kutsa cikin hamada. Arewa kore ce da tuddai. Zaitun da aka shuka a layi da tazara mai faɗi sosai a kan farar ƙasa, kewayen Sfax ne, tazarar saboda ƙarancin ruwa ce. Dabino da fararen gidaje masu ƙubba, Jerba da kudu. Lambar wayar gida na taimakawa: 71 Tunis, 72 Nabeul da Bizerte, 73 Sousse da Monastir da Mahdia, 74 Sfax, 75 Gabes da Medenine.

Sai gyara guda ga Yaya Bagobiri a kan kuka, kada ƙanenmu ya ɗauka ta Sahel ce kaɗai. Akwai ta da yawa a gabashin Kenya a hanyar Nairobi zuwa Mombasa, wajen Kibwezi da Voi, da kuma bakin teku, inda take haɗuwa da kwakwa da gonakin sisal. Hannun tuƙi zai raba ta da ta Sanagal nan take. Yammacin Kenya kuwa wata duniya ce: ganyen shayi shimfiɗe a Kericho, rake a wajen Kisumu da Kakamega, dogayen itatuwan turare a iyakar gonaki, ga ƙananan motocin haya farare masu layin ruwan ɗorawa da aka rubuta garuruwan da suke zuwa a jiki. Na Kamfala layinsu shuɗi ne mai gida-gida kamar na dara.